Yadda Appa Ya Bar Nama

Mahaifina, Hanmant Jagdale, ɗan kokawa ne a zamanin ƙuruciyarsa. Da ya bar fage sai ya buɗe ɗan gidan abinci a bayan kasuwar mazarƙwaila ta garinmu Kolhapur, a ƙasar Indiya. Teburi shida ne kacal, kuma abu ɗaya yake dafawa, naman akuya a jan romo. Amma fa wane irin romo! Direbobin manyan motoci kan baro babban titi su shigo lungu saboda shi. Mu 'ya'yansa Appa muke ce masa. Mutanen gari kuwa Pailwan suke kiransa, wato gwanin kokawa, har bayan da tumbi ya hana shi ganin yatsun ƙafarsa.

Mahaifiyarmu Shalan, wadda muke kira Ai, tun tana 'yar shekara goma sha biyar ta rataya carbin tulsi, itace mai tsarki a addininmu na Hindu, a wuya. Wanda ya rataya wannan carbi kuwa ya yi sallama da nama da kifi da ƙwai ke nan. Don haka gidanmu tukwane kashi biyu ne. Na Ai suna cikin kicin. Na Appa suna bayan gida tare da ɗan murhunsa na ranar Lahadi. Ban taɓa jin sun yi cacar baki a kan wannan ba. Shi yakan ci na rana da na yamma a shago, ya dawo ya tarar mun riga mun wanke kwanoni.

Kowace shekara da faɗuwar damina, Ai kan bi ayarin unguwarmu zuwa ziyarar Vitthal, abin bautarmu, a garin Pandharpur, kwana goma a ƙafa. Daga uwarta ta gada, uwarta kuma daga tata uwar. Sai ga shi a shekarar da nake ba ku labari gwiwarta ta hagu ta kumbura. Likita ya duba ya ce ko zuwa kasuwa a mota za ta riƙa yi.

Ai ba ta yi kuka ba. Ta dawo gida ta zauna tana dakan gyaɗa, tana ta daka har gyaɗar ta fara fitar da mai, ba ta daina ba. Appa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta.

"Turmin ne ya yi miki laifi?" in ji shi.

"Aho, ka ƙyale ni," in ji ta. Haka take kiransa, don mata irinta ba sa kama sunan miji. "Tun zamanin kakata ba a taɓa rasa ƙafar gidanmu a hanyar nan ba. A kaina za a fara."

"To ba tafiya ba ce kawai? A ɗaga wannan ƙafa a ajiye waccan? Ni zan je."

Ai ta ajiye taɓarya ta dube shi tun daga gashin baki har tumbi.

"Kwana goma ne fa. Kuma babu nama."

"Ni da na kayar da ƙatti a gaban dubban mutane, wake ne zai kayar da ni?"

Kafin azahar labari ya kai wurin Gafur Kureshi, mahaucin da ke ba Appa nama shekara talatin, kuma babban amininsa. Muna ce masa Gafur-chacha, wato Baffa Gafur. Ya iso gidanmu a kan babur yana dariya tun daga bakin lungu.

"Pailwan! Da gaske ne abin da na ji? Wallahi akuyoyin garin nan sun samu hutun kwana goma. Yanzu na baro su suna rawa."

"Ka ce musu kada su saki jiki, ina nan dawowa."

"In dai ka dawo! Manjiri, 'yata, ki bi shi. In ya faɗi a hanya ki sa masa ƙashin haƙarƙari a hanci, zai farfaɗo."

Ni ce Manjiri, kuma dama na riga na nemi izini a makarantar da nake koyarwa. Ai ta ɗora mini ƙwayoyinsa na hawan jini da alhakinsa gaba ɗaya. Shagon kuma Appa ya bar wa ƙanensa Vilas, wanda suka daɗe suna aikin tare.

Mu sittin da 'yan kai ne a ayarin. Akwai babbar mota da ke wucewa gaba da buhunan gari da tukwane da tamfol, sai mu tarar da ita a inda za a yada zango. Mai girkin ayari wata 'yar tsohuwa ce, Parubai, ƙarama kamar tsinke, muryarta kuwa tana iya tsayar da tirela. Shekara ashirin suna bin hanyar nan tare da Ai. Abincin bai cika canzawa ba. Bhakri ne, wato gurasar dawa, da miyar garin wake, da shinkafa, da ɗan yajin gyaɗa a gefe.

Ranar farko Appa ne a sahun gaba, yana buga ƙafa yana bin waƙa da muryar da ta fi ta kowa ƙarfi kuma ta fi ta kowa karkacewa. Rana ta biyu ƙafafunsa suka yi bororo, ya koma tsakiya. Rana ta uku ya koma can baya wurin tsofaffi, kuma tun da ba shi da ƙarfin waƙa sai ya ɓuge da tambaya. Duk wanda ya jera da shi sai Appa ya ce masa, "Don girman iyayenka, me nama ya yi maka?"

Tsoho Bhiku, wani manomin rake, ya ce, "Ni a haka na tashi. Ban taɓa ci ba balle in bari. Kai me ya sa ka fara?"

"Wannan kuma ba a tambayarsa."

"To ni ma ba a tambayata."

Wani tela mai suna Uttam ya ce shi sharaɗin aure ne aka gindaya masa. Yarinya ta ce ko ita ko kaza, ya yi kwana uku yana tunani. "Kada ka gaya mata kwana uku na yi," in ji shi. "Ita ta san nan take na amsa."

Da muka tsaya shan ruwa Appa ya tare direban motarmu, Sopan, mutum mai ƙirar 'yan dambe. Sopan ya ce da can mashayi ne shi. Kullum in ya sauka daga mota sai kwalba da soyayyen nama, ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya. Ranar da 'yarsa ta ɓuya a bayan ƙofa don ta ji motsin shigowarsa, ranar ya san ya kai ƙarshe. Ya yi ta ƙoƙarin barin kwalba, amma da ya ji ƙamshin suya sai maƙogwaro ya tuna masa da abokiyar tafiyarta. Sai ya sallame su tare. Appa bai yi masa barkwanci ba. Ya dafa kafaɗarsa kawai, irin dafawar da 'yan kokawa ke yi wa juna.

Akwai kuma wata budurwa, Ketaki, da ta yi wata shida tana aiki a wata babbar gonar kaji. Ta fara ba shi labarin yadda ake cusa su a keji, Appa ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, 'yata. Ni akuya nake dafawa, kuma akuyoyin Gafur sun fi ni jin daɗin duniya."

Rana ta huɗu muka yada zangon rana a wata makaranta kusa da wani gari na bakin titi. Appa ya ce zai je ya sayo filasta don ƙafarsa. Na lura mai ciwon ƙafar nan yana sauri kamar an biyo shi, sai na bi bayansa. Na same shi a wata rumfar abinci, farantin nama a gabansa, yana yi wa mai rumfar faɗa.

"Wannan romo ne ko ruwan wanke tukunya? Albasar ma ba ka bari ta soyu ba!"

Duk da haka ya cinye tas, ya suɗe yatsu. Da ya ɗago ya gan ni sai ya sayo mini shayi mai madara, ya ce abin da Ai ba ta sani ba ba zai dami gwiwarta ba.

Muna komowa Parubai ta ɗaga hanci sama ta shaƙa.

"Pailwan, ashe filastar garin nan da tafarnuwa ake yin ta?"

Ayari ya tuntsire da dariya. Uttam tela har da faɗuwa a kan buhun shinkafa. Parubai ta ce kada kowa ya ga laifinsa, tun da bai rataya carbi ba bai karya komai ba. Amma kunya ta riga ta kama Appa, shi kuwa in kunya ta kama shi bakinsa ke gaba.

"Da miyarki tana da ɗanɗano, Parubai, da ba sai mutum ya je neman filasta ba."

Parubai ta miƙe, ta ɗauko babban ludayinta, ta danƙa masa a hannu.

"Shekara ashirin Shalan tana cika mana kunne. Hannun mijina, hannun mijina, duk Kolhapur babu kamarsa. To gani ya kori ji. Na yamma naka ne."

Appa ya naɗe hannun riga. Ya yi abin da ya saba, ya soya albasa har ta yi duhu, ya zuba barkono da kayan ƙamshi yadda yake zuba wa akuya guda, sannan ya antaya wake a ciki. Sai dai babu kitsen da zai kwantar da zafin. Miyar ta fito ja wur, kyakkyawa a ido, a baki kuwa kamar an lashi garwashi. Mutane suka ci saboda ladabi. Tsoho Bhiku ya sha ruwa kofi huɗu, hawaye na zuba, ya ce, "Yanzu na gane abin da ya sa masu cin nama ke da saurin fushi."

Bayan an watse, Appa na zaune gaban tukunyar da ta rage fiye da rabi, Parubai ta zo ta tsuguna kusa da shi. Ina gefe ina wanke kwanoni. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce wake ba akuya ba ne, ba a yi masa ihu, lallaɓa shi ake yi. Ta ce da ya sa dakakkiyar gyaɗa da ɗan tsamiya da ɓallin mazarƙwaila, da wata magana ake yi.

"Amma hannun yana nan," in ji ta. "Shalan ba ta yi ƙarya ba. Ko da yake ita ma ji take yi. Na taɓa tambayarta, ke da kike ta yabo, kin taɓa ɗanɗanawa? Ta ce a'a, a rigarsa nake jin ƙamshin in zan wanke."

Ta miƙe ta tafi abinta. Ita ba ta ɗauki maganar a bakin komai ba.

Washegari ruwa ya tsuge tun da hantsi. Muna tafe a cikin taɓo, kowa ya rufa da leda, ganguna na tashi a gaba. Appa bai tambayi kowa batun nama ba ranar. Mun yi tafiyar da ta fi awa biyu, sai ya matso kusa da ni.

"Manjiri, da gaske ne uwarki ba ta taɓa cin girkina ba?"

"To a wace tukunya za ta ci, Appa?"

"Ko sau ɗaya? Lokacin da ta haife ki fa? Wa ya yi mata girki?"

"Ka ce mini kakata ce ta zo."

Ya share ruwa daga gashin bakinsa.

"Shekara talatin da huɗu," in ji shi. "Na ciyar da direbobi, na ciyar da 'yan sanda, har ɓarayi na san na ciyar. Matar da ke gidana kuwa riga take shinshinawa."

Daga ranar Appa ya zama ɗan koyo a wurin Parubai. Mutumin da ba a taɓa gaya masa yawan gishiri ba, sai ga shi tsugune yana fere kabewa, tsohuwa na tsaye a kansa tana cewa, "Ba haka ba, Pailwan, kabewa ce, ba abokin kokawa ba." Yakan hau motar Sopan da zango ya kusa don ya riga mu isa, abin da ya yi wa ƙafarsa daɗi ƙwarai, ko da yake ya ce sadaukarwa ce. Ya koyi yadda ake toya ridi da kwakwa kafin a niƙa, da lokacin da ake sa tsamiya, da yadda ake buga bhakri a tafin hannu ba tare da ta tsage ba. Wannan na ƙarshen bai taɓa iyawa ba. Nasa kullum kamar taswirar wata ƙasa suke fitowa.

A rana ta takwas wani manomi da muka wuce ta gonarsa ya ba ayari buhun ƙananan gauta. Appa ya ce a bar masa. Ya tsaga kowane ɗaya gida huɗu, ya cusa masa haɗin gyaɗa da ridi da kwakwa da ɗan barkono, ya jera su a tukunya, ya rage wuta, ya zauna yana gadi kamar mai jiran haihuwa. Da aka raba, babu wanda ya yi magana sai ƙarar baki. Parubai ta ci, ta ce, "Ba laifi." Sannan ta miƙo faranti a ƙara mata.

Mun shiga Pandharpur a rana ta goma, cikin taron da ba a ganin ƙasa. Layin shiga ɗakin ibada ya kai inda ido ba ya kaiwa, don haka muka yi yadda da yawa ke yi, muka yi wanka a kogi, muka tsaya inda ake hango ƙololuwar ginin muka haɗa hannuwa. Appa ya kira Ai a waya, ya ɗaga wayar sama don ta ji ganguna da waƙa. Ya daɗe a haka har hannunsa ya gaji. Da ya mayar kunne sai na ji yana cewa, "To, to, ya isa, kada ki jiƙa wayar." Kafin mu hau motar komawa ya ɓace a kasuwa, ya dawo da sababbin tukwane biyu da ludayi. A kan cinyarsa ya riƙe su har Kolhapur.

Washegarin dawowarmu ya yi sammakon zuwa kasuwa, ya dawo da gauta da gyaɗa. Ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, ya tsaya a ƙofar kicin ɗin Ai.

"Yau ni ne a nan. Ga tukwane, ba su taɓa ganin nama ba, tambayi Manjiri."

"Aho, me ya same ka a hanya? Rana ce ta buge ka?"

"Ruwa aka yi ta yi. Zauna."

Ta zauna, amma a kan kujera a bakin ƙofar, ta miƙe ƙafar mai ciwo, tana ba da umarni. Kada ya taɓa wancan gwangwani. Wutar ta yi yawa. Wa ya koya masa yanka albasa haka? Shi kuwa yana ta aikinsa yana cewa, "To, ranki ya daɗe." Ni na buga bhakri, don kada a ɓata rana.

Da ya sauke, ya shimfiɗa tabarma, ya zuba mata, ya zauna a gabanta ya zura mata ido. Ai ta gutsuri bhakri, ta dangwala, ta kai baki. Ta tauna a hankali. Ta sake gutsura. Appa ya kasa haƙuri.

"To?"

"Gishiri ya ɗan yi yawa," in ji ta. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce barkono ne. Sannan ta ce, "Kai ba za ka ci ba ne? Ka tsaya kana kallona kamar baƙuwa."

Ya jawo faranti. A iya sanina, ranar ce farkon da na ga iyayena suna cin abu ɗaya a kan tabarma ɗaya.

Kada ku ɗauka daga ranar ya bar nama. Ya koma shago, ya ci gaba da ɗanɗana romonsa, don mai girki dole ya ɗanɗana. Sai dai ya daina cin na yamma a can. Da la'asar sakaliya yakan bar wa Vilas tukunya ya taho gida da ledar kayan miya. Sannu a hankali na rana ma ya koma ɗauka daga gida. Murhun bayan gida ya daina ganin wuta, har kyanwa ta haihu a ciki. Wajen Diwali, bikinmu na fitilu, ya miƙa wa Vilas ludayin shago gaba ɗaya, ya koma zaman karɓar baƙi da ba su labarin kokawa. Bai rataya carbi ba. Ya ce shi bai kai nan ba, kuma ba zai yi wa Vitthal alkawarin da bai tabbata ba.

In an tambaye shi dalili, amsar ta danganta da mai tambaya. Likita ya ji cewa saboda hawan jini ne, ya yi ta murna yana yabon kansa. Tsofaffin abokan kokawa suka ji cewa manyan gwanayen da can da madara da man shanu suka yi ƙarfi. Ni kuwa da na matsa masa wata rana muna ɓare gyaɗa, sai ya ce, "Na gaji da cin abinci ni kaɗai, shi ke nan. Kada ki kai maganar makaranta."

Gafur-chacha bai rasa ciniki ba, tun da Vilas na saye kamar da. Amma ya yi wata guda yana zuwa ta'aziyya. Yakan zauna a barandarmu ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan Pailwan, mutumin kirki ne, gauta ya kashe shi." Ai kan kawo masa faranti, ya ci yana ta'aziyya, ya nemi ƙari yana ta'aziyya.

Da rani ya zo aka sa bikin Rukhsar, 'yar Gafur-chacha. Gafur-chacha ya zo da katin gayyata, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Cikin waɗanda ya gayyata akwai maƙwabta da abokan kasuwa wajen arba'in da ba sa cin nama, kuma ba ya son a sallame su da shinkafa da madara kamar marasa lafiya.

"Ka yi musu gautan nan naka, ɗan'uwa. Tukunya ɗaya, a can gefe, nesa da tawa."

Appa ya yi tukunya ta mutum sittin don kada a rasa. Ranar biki aka ajiye ta a ƙarshen rumfa, Ai na zaune kusa da ita da ludayi tana rabo. Masu carbi suka ci. Sai wani kawun ango ya zo leƙawa da farantin shinkafa da nama a hannu, ya ce a ɗan ɗiga masa a gefe ya ji. Ya koma ya gaya wa na kusa da shi. Kafin a jima layi ya miƙe, rabinsa mahauta ne 'yan'uwan Gafur-chacha, kowa da nama a faranti yana miƙo hannu.

Gafur-chacha ya iso yana haki, hula a karkace.

"Pailwan! Akuya tara na yanka wa bikin nan. Tara! Ka zo ka tara mini jama'a a kan gauta?"

"Kai ka gayyace ni."

"To zuba mini in ji abin da suke rububi a kai."

Ai ta karkata tukunyar ta nuna masa. Babu komai sai ɗan mai a gindi. Gafur-chacha ya dube ta, ya dubi Appa, sannan ya karɓi bhakri guda daga hannuna, ya tsuguna da babbar rigarsa ta biki ya shiga goge gindin tukunya, ana ta kiransa daga can ya zo a ɗauki hoto da ango.